Kujera Biyu, Kofi Ɗaya

Shafi na 17

Masu aiko saƙo cewa na bar ku a tsaye, ku zauna, ga wuri. Mun rabu a inda Manaja ya buɗe shagonsa da safe ya tarar ƙarƙashin kantar shagon wayam: 'yar ƙanensa ta ɗauke tsohuwar kwamfutar marigayi babanta, ta kai gidan nunin zane-zane. To, ya bi sawu.

Ƙofar gidan nunin ta gilashi ce, ba mariƙi. Manaja ya tura, ta ƙi. Ya nemi inda zai ja, bai samu ba. Sai da ya ja da baya zai yi tsaki, ta buɗe da kanta.

"Ke ma kin yi boko," ya ce wa ƙofar, ya shige.

Ɗaki ne ƙato, fari fat, kamar asibitin da ba a kawo marasa lafiya ba tukuna. Babu zanen fenti ko ɗaya a bango, duk haske ne. Nan ruwan sama yana zuba daga ƙasa zuwa sama. Can wasu kifaye na wuta suna bin inuwar duk wanda ya gifta. Suka biyo tasa har kwana, ya kaɗa musu hula, suka ƙara taruwa.

A ƙurya ya hango ta bisa tsani, tana ɗaure na'urar majigi, sukurdireba a baki. Tsinke ake ce mata tun tana yarinya, kuma har yau ba ta ƙaryata sunan ba.

"Sauko."

Ta zare sukurdireban. "Baffa, ina kwana."

"Kwana yana inda kika bar shi. Sauko."

Ta sauko a hankali, tana goge hannu a jikin riga.

"Ina kwamfutata?"

"Ta Baba dai."

"Ta Baba. Wa ya share mata ƙura shekara da shekaru? Wa ya canza mata fanka? Ranar da ruwa ya shigo shago, wa ya ɗauke ta a ka, ya bar takalmansa suka bi ruwa?"

"Kai ne, Baffa. Shi ya sa na sa sunanka a bango. Ga shi can, wanda ya adana aikin."

"Ki goge. Ban mutu ba tukuna."

"Sau nawa na roƙe ka? Kullum sai ka ce gobe."

"To goben ta zo ne?"

"Yau da yamma ake buɗewa. Zo ka gani kafin ka yanke min hukunci."

Ya bi ta, ba don ya sauko ba, sai don nan ne hanyar kayansa.

Ga kwamfutar kuwa. Sun sa ta cikin akwatin gilashi, sun haska mata fitila ta sama, kamar wata amarya. Akwatin nan nata da ya yi ɗorawa don tsufa, da tabon kofin da wani kwastoma ya taɓa ajiyewa a kansa. Fankar tana ta gurnaninta. Ko a cikin kasuwa Manaja zai gane wannan gurnanin.

Sai ya ɗaga kai ya ga bangon.

Shi a ɗan allon kwamfutar shago ya saba ganin ɗakin da marigayi ya zana, bai wuce faɗin faranti ba. Yau ga shi ya cika bango. Tebur ɗaya, kujera biyu, kofin shayi ɗaya a tsakiya yana tururi. Taga a baya, labulenta ya karkace, don hannun marigayi ya goce ranar da yake zana shi, ya ce a bar shi haka, labulen gidan mutane ma a karkace yake.

Wannan shi ne aikin Mai Zane, ƙanen Manaja. Shafi ne a intanet, ba rubutu, ba suna, ba hoton kowa. Ka shiga, ka ja kujera da kibiyar linzamin kwamfutarka, ka zauna. Wani daga wata duniya ya ja ɗayar. Mutum biyu kawai yake ɗauka, na uku sai ya jira a bakin ƙofa. Abin da za ku iya yi bai wuce biyu ba: ka tura wa ɗan'uwanka kofin, ko ka ja ka sha.

A zamanin da ya yi shi, dariya aka yi ta yi masa. Lokacin shagon Manaja shi ne intanet ɗin unguwa gaba ɗaya. Benci biyu a waje, cike. Masu neman aiki, masu duba sakamakon jarrabawa, tsofaffin da 'ya'yansu ke ƙasar waje, su zo da adireshi a tafin hannu, gumi ya goge rabinsa. Hoto ɗaya ya riƙa sauka layi-layi, tun daga hula har gemu, mutane a tsaye suna cacar baki ko wane ne. In waya ta yanke, shago duka ya yi ajiyar zuciya tare. Shi kuwa Mai Zane yana kwamfutar ƙarshe kusa da bango, yana zanen tururin shayi da linzami.

"Duniya na aika wasiƙa cikin ƙiftawar ido," Manaja yakan ce masa, "kai kana dafa shayin da ba a sha."

Shi kuma ya ce, "Yaya, kai ma naka ba ka sha."

Yanzu wayoyi sun cinye benci, sun cinye layi. Shagon ya koma sayar da caja da rigar waya. Sunan Manaja ne kawai bai tashi ba.

"Ka ga yadda muka tsara," Tsinke ta ce. Ta nuna wata 'yar rumfa mai kujera da linzami, tana fuskantar bangon. "Rumfa biyu ce. Ɗaya nan, ɗaya bayan wannan katakon. Baƙo ya zauna nan, baƙo ya zauna can, ba mai ganin wani. Yanzu su biyun kawai ke shiga, ban haɗa da waje ba. Da yamma in na haɗa, duniya duka za ta shiga layi."

"Layi."

"Layi, Baffa. Mutane sun fara tambaya daga ƙasashen da ko sunansu Baba bai taɓa ji ba."

"Da safe fa?"

"Safiyarmu ai yammacin wasu ne. Kujerun nan ba za su ƙara hucewa ba."

Manaja ya mayar da hularsa kansa, ya gyara mata zama.

"To ba zai yiwu ba. Kashe. Nemo min kwali."

"Baffa."

"Na ce nemo kwali."

"Saboda me?"

"Saboda na faɗa."

"Wannan dalilin ya daina aiki a kaina tun ina aji uku."

"Ai na ga alama. Bakin babanki kika ɗauko, kika bar masa haƙurin."

Ta jingina da akwatin gilashin, ta harɗe hannu. "Mutumin nan ya mutu ana ce masa mai wasa da wuta. Yau za a kira shi da sunan aikinsa. Ka ba ni dalili ɗaya da ya fi wannan nauyi, wallahi da kaina zan ɗauka in mayar."

Ya dubi kifayen. Ya dubi ruwan da ke hawa sama. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma fa cibiyar tsoho ba ta son iska.

"Akwai mai zuwa," ya ce.

"Ina?"

"Nan. Kan kujerar can." Ya nuna da haɓa. "Kowace safiya. In na buɗe shago na share, sai in zauna. Ba na daɗewa za a ja ɗayar. In kika cika ɗakin da 'yan yawon buɗe ido, ta zo ta tarar da layi, za ta ɗauka na ba da wurinta."

"Ta?"

Ya kau da kai.

"Baffa, ba suna a shafin nan. Ta ina ka san mace ce?"

"Yarinya, na zauna da hannun nan a gida ɗaya. Kafin ta tura kofi sai ta zagaya bakinsa da yatsa. Duk duniya mutum ɗaya ke yin haka."

Ku da kuka biyo mu tun farko kun san Sakatariya. Matarsa ce, ita ke buga wa mutane takardu a kusurwar shagon. Ita ta laƙaba masa Manaja don tsokana, shi ya rama da Sakatariya, sunayen suka bi su. Kullum da safe ta zubo shayi daga fulas ta tura masa, ya ce bari in sallami wannan. Ya sallami wannan, wancan ya zo. Shayi ya huce, ta zubar, gobe ta sake. Ba faɗa suka yi ba, ba zagi. Wata rana dai ta rufe injin bugunta da ƙyalle, ta ce za ta je wajen yayarta ta huta. Hutun nan ne har yau. Shi bai je biko ba, ita ba ta aiko ba.

"Shi ya sa ba ka taɓa zuwa wajenta ba," Tsinke ta ce a hankali.

"In je in yi me? Wanda ke zuwa maka shan shayi kullum ai bai tafi ba. Ita tana da girman kanta, ni ina da nawa. Mun samu inda za mu ajiye su a bakin ƙofa. Wa ya ji? Wa ya gani?"

"Ta tura maka, kana sha?"

"Ina mayar mata."

"Kullum?"

"Ladabi ne."

"Ita kuma sai ta jira kaɗan, ta tashi."

Ya juyo ya dube ta sosai.

"Wa ya gaya miki?"

Tsinke ta sauke hannuwanta. Ta ja kujerar rumfar ta juyo da ita.

"Zauna, Baffa."

"A tsaye aka haife ni."

"Don Allah ka zauna."

Ya zauna a bakin kujerar, kamar mai shirin tashi.

"Da zan kawo aikin nan, sai da na buɗe cikinsa na karanta yadda Baba ya gina shi. Akwai abin da ya sa wanda bai gaya wa kowa ba. Ya tsani mutum ya zauna shi kaɗai a teburin nan. Saboda haka in mutum ya zauna, ba wanda ya zo, shafin da kansa yake ja ɗaya kujerar."

"Da kansa."

"Ranar da ya gama aikin yana neman wanda zai gwada masa. Kai ka ce kana da kwastoma. Sai ya kira Inna Sakatariya daga kan injinta. Ta zauna, ta zagaya kofin, ta tura, ta jira, ba wanda ya sha, ta tashi. Ya naɗi motsin hannunta, kamar yadda ake naɗar murya a kaset. Shi ne yake maimaitawa."

Fankar kwamfutar ta ci gaba da gurnani.

"Ƙarya ne," Manaja ya ce, ba ƙarfi. "Wata rana tana sauri, wata rana tana jan jiki. Ranar da aka yi rasuwar babanki da ƙyar ta ja kujerar."

"Layin intanet ɗin shagonka ne ke sauri, shi ke jan jiki."

"Na san hannunta."

"Hannunta ne, Baffa. Ban ce ba nata ba ne. Amma na ranar nan ne. Rana ɗaya ce kake ta zama a cikinta."

Ya cire hular ya ɗora a gwiwa. Ya daɗe yana kallon cikinta, kamar an rubuta wani abu a ciki.

Shi da ya ga 'yan damfara iri-iri a shagon nan, masu alkawarin biza, masu gadon sarkin da bai taɓa rayuwa ba, ba wanda ya taɓa cin ko sisinsa. Yakan gane su tun daga yadda suke riƙe linzami. Ashe wanda zai yi masa sakiyar da ba ruwa yana kwamfutar ƙarshe kusa da bango, kuma don tausayi ya yi.

"Allah ya jiƙanka, Ƙarami," ya ce. "Ka iya mugunta."

"Bai san kai za ka zauna ba."

"Ya sani. Wa ya fi shi sanina?"

Ya shafa fuskarsa, ya miƙe zaune.

"To. Kaset ne, na ji. Bar min kaset ɗina. Ki kwafi ɗakin ki ba duniya, ai ku kwafi ba ya muku wuya. Ki ba ni akwatina da abin da ke ciki. Tsoho da abin da ya saba."

Tsinke ta sunkuyar da kai.

"Me kuma?"

"Babu shi."

"Me ne ne babu?"

"Na goge, jiya."

Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga ma da ya fi mata sauƙi.

"Kin goge."

"Ba a nuna hannun mutum a gidan nuni sai da izininsa. Ƙa'ida ce, kuma ko ba ƙa'ida ba haka ya dace. Sai na je na same ta."

"Kin je ina?"

"Wajen Inna. Ba nisa ba ne, Baffa. Mota ɗaya ce."

"Ban tambaye ki kuɗin mota ba. Tana... ya take?"

"Tana nan. Ta sa tabarau. Hannunta na ɗan rawa yanzu, ta daina ɗinki. Ta ce rabonta da taɓa kwamfuta tun ranar da ta rufe injinta."

"Sai ta ce ki goge."

"Na nuna mata a wayata. Ta kalla har ƙarshe, ta ce in sake. Ta sake kalla. Sannan ta ce, wannan yarinyar ta jira ya isa haka, ki sallame ta."

Manaja ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Maganarta ce. Ko a kotu zan shaida." Ya ɗago ya dube ta. "Ba ki dai gaya mata komai a kaina ba."

Tsinke ta dubi silin.

"Tsinke."

"Kwamfutar tana riƙe lissafin inda ake shiga. Na ga daga shagonka ake zama kowace safiya, ba fashi. Ta tambaye ni wa ke kallon abin nan a zamanin yau. Ni kuma ba a koya min yi wa manya ƙarya ba."

"An koya miki sata dai."

"Aro ne."

"Me ta ce?"

"Sai ta tashi ta ɗora ruwa. Da ta dawo sai ta ce, yana sha kuwa?"

"Kika ce?"

"Na ce lissafin ya nuna ba a taɓa shan kofin ba."

Ya rufe ido.

"Kin gama da ni. Kin ɗauke akwati, kin goge min mata, kin kai tsiraicina gidan surukai. Saura me? Ki sa ni cikin gilashin nan ki haska min fitila."

"Baffa, yi haƙuri."

"Na yi. Haƙuri ai shi ne jarina." Ya juya kujerar ta fuskanci bango. "Kafin 'yan duniya su shigo da takalmansu, bar ni in zauna sau ɗaya. In yi sallama da wurin."

Ta matsa gefe.

Ya ɗora hannu a kan linzamin. Sabo ne, sulɓi, ba irin nasa mai ƙwallo a ciki ba, wanda sai an hura an goge. Kibiyarsa ta bayyana a bango, ƙatuwa kamar ta farauta. Ya ja kujerar hagu, wadda ya saba. Ya zauna.

Tururi na tashi. Labule a karkace.

Da a shago ne, da yanzu an ja ɗayar. Ya jira duk da haka, don jiki ba ya jin labari da wuri. Ba abin da ya motsa. Yau ne karo na farko da ya ga yadda teburin nan yake da faɗi.

"Shi ke nan," ya ce. "Allah ya ba mu alheri."

Ya fara zare hannunsa.

Kujerar dama ta motsa.

Ba irin jan da ya sani ba ne. Kibiyar ta kama ta ta suɓuce, ta sake kamawa, ta ja ta a karkace.

"Kin ce kin goge."

"Na goge." Muryar Tsinke ta sauka. "Wallahi na goge, Baffa."

"To wani ne daga waje."

"Na gaya maka ban haɗa ba."

Kibiyar ta taho tsakiyar tebur tana rawa, tana tsayawa, kamar mai tafiya a kan duwatsun rafi. Ta isa bakin kofin. Ta fara zagaya shi. Zagayen bai fita daidai ba, ya yi gwari-gwari, amma ta kai shi har inda ta faro.

Manaja ya riƙe numfashi. Yanzu za ta turo. Yatsansa ya riga ya hau kan linzami, kuma a ransa ya ƙudurta, yau kam ba zai mayar ba.

Ba ta turo ba.

Ta ja kofin gabanta. Tururin ya ɗauke. Shayin ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, har gindin kofin ya fito fili, fari, da ɗan tsagu a gefe. Ashe har tsagu Mai Zane ya zana a wurin, ba wanda ya taɓa gani.

Manaja ya juya a hankali ya dubi bangon katakon da ke gefensa. Bai kai kaurin tafin hannu ba.

"Wa ke rumfar can?"

"Ban sa kowa ba. Katin gayyata na ba ta, na yamma ne, kuma cewa ta yi ba za ta..."

Aka ji ƙarar kujera ta gaske a bayan katakon. Sai ɗan tari. Sai murya, ta tsufa, amma ba ta canza hanya ba.

"Ya huce, Manaja. Ko a nan ma ka bari ya huce."